Sabar fayiloli ta yi nauyi? Tambayoyi da amsoshi kan RAM, ma'ajiyar gaggawa da tace maimaici a ZFS

Waɗannan tambayoyi ne da masu kula da sabar fayiloli suke yawan yi, musamman waɗanda ke amfani da ZFS, wato tsarin da ke kula da jera bayanai da adana su a kan faifai, ko a kan TrueNAS, ko FreeBSD, ko Linux. An fara gina ZFS a kamfanin Sun Microsystems a 2001 ƙarƙashin Jeff Bonwick da Matt Ahrens, ya fito fili a 2005, kuma tun 2013 ake ci gaba da raya shi da sunan OpenZFS. Tsari ne mai ƙarfi wajen kare bayanai, amma yana da maɓallai da yawa, kuma wasunsu idan ka taɓa su a makance sai ka ƙara wa sabar nauyi, ga kuɗinka sun tafi.

Ma'aikata suna ta ƙorafi sabar ta yi nauyi. Me zan fara saya?

Kada ka sayi komai tukuna. Ka fara gano inda aikin yake tsayawa, domin wurare huɗu ne ake yawan samun cikas: hanyar sadarwa, RAM (ma'ajiyar wucin gadi mai sauri ta cikin na'ura), faifan kansu, da tsarin da aka jera faifan. Kowanne maganinsa daban.

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗauki babban fayil guda, misali bidiyo mai gigabait 10, ka kwafe shi daga sabar zuwa kwamfutarka, ka zuba ido a kan lambar gudun. Idan ta hau megabait 110 zuwa 115 a sakan ta tsaya cak a nan, ba ta hawa ba ta sauka, to faifanka ba su da laifi. Wannan ita ce iyakar wayar sadarwa mai gigabit 1, kuma ko ka zuba SSD (faifai mai sauri marar juyawa) goma a cikin sabar ba za ta wuce nan ba. Kayan aikin iperf3 zai tabbatar maka da haka cikin minti ɗaya, domin shi hanyar kaɗai yake aunawa, ba ya taɓa faifai. Maganin wannan matsala shi ne katin sadarwa da na'urar rarrabawa masu gigabit 2.5 ko 10.

Idan kuwa babban fayil yana tafiya lafiya, amma buɗe babban kundi mai dubban ƙananan fayiloli yana ɗaukar lokaci, kana jin faifan suna ta ƙas-ƙas a cikin akwati, to matsalar karatu ne na tsalle-tsalle. A nan sai ka buɗe kayan awon ZFS, arcstat da arc_summary, ka ga kashi nawa na karatun ake amsawa daga RAM, sannan ka duba zpool iostat da alamomin -v da -l ka ga wane faifai ne yake sa kowa jira. Ka yi wannan awon a lokacin da ofis ya cika da aiki, kada ka yi shi da daddare bayan kowa ya tashi.

Me ya sa kullum ake cewa a fara ƙara RAM?

Saboda tazarar da ke tsakanin RAM da faifai mai juyawa ta wuce yadda yawancin mutane suke zato. Faifan da ke juyi 7,200 a minti sai ya motsa allurarsa zuwa inda bayanin yake, sannan ya jira wurin ya zagayo. Wannan kan ci wajen milisakan 10, wato ƙaramin karatu ɗari da ɗoriya kacal a sakan idan wuraren a warwatse suke. SSD irin NVMe yana amsawa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na milisakan. RAM kuwa ana auna ta ne da nanosakan. Duk karatun da aka amsa daga RAM, an tsallake wa faifan aiki guda ke nan, sun samu sarari su yi wanda babu makawa sai su.

ZFS yana amfani da RAM ta wata ma'ajiya da ake kira ARC. Asalin dabarar daga masu bincike biyu na IBM ne, Nimrod Megiddo da Dharmendra Modha, waɗanda suka bayyana ta a 2003, sai Sun ta ɗauka ta gyara ta. Ka ɗauke ta kamar mai kanti mai wayo: kayan da aka saya yanzu-yanzu yana ajiye su kusa, kayan da ake nema kullum su ma suna gaban tebur, kuma yana riƙe a ransa sunayen waɗanda ya mayar sito kwanan nan. Idan ya ga ana ta tambayar abin da ya mayar, sai ya sake rabon wurin. Amfanin wannan shi ne idan wani ya kwafi katafaren fayil sau ɗaya, ko aikin ajiyar kwafi na dare ya ratsa dukkan bayanan, ba zai share fayilolin da ma'aikata suke buɗewa kowace safiya daga RAM ba. Tun OpenZFS 0.7 a 2017 ma, bayanan da aka matse a faifai a matse suke zama a cikin ARC, don haka RAM ɗin tana ɗaukar fiye da girmanta.

To RAM nawa ta isa? Gaskiya ne sai gigabait 1 ga kowane terabait?

Wannan ƙa'ida ce ta kirdado, ba doka ba. TrueNAS ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙaranci, daga nan kuma abin da ke yanke hukunci shi ne yawan bayanan da ake taɓawa a kai a kai. Sabar mai terabait 60 na tsofaffin bidiyon da ba a buɗewa sai shekara-shekara za ta zauna lafiya da RAM kaɗan. Sabar mai terabait 4 da ke ɗauke da kwamfutocin gaibu, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya a cikin wata kwamfuta, guda ashirin za ta iya shanye gigabait 64 ta nemi ƙari. Idan arcstat yana nuna ana samun fiye da kashi 90 na karatu daga ARC a lokacin cunkoso, ƙarin RAM ba zai kawo babban canji ba. Idan adadin yana faɗuwa sosai duk sanda aiki ya ɗau zafi, ka san inda kuɗinka ya kamata su je.

Abu biyu da ke rikitar da sababbin shiga. Na farko, za ka ga RAM ta kusa cika ko da babu mai aiki. Ba matsala ba ce, ARC ce ta riƙe, kuma tana saki idan wata manhaja ta buƙata. Na biyu, a Linux, kafin OpenZFS 2.3 na 2025, ARC ba ta wuce rabin RAM sai an ba ta izini. Mutum zai sa gigabait 64, ashe 32 kawai ake mora. Idan na'urar sabar fayiloli ce zalla, ka duba zfs_arc_max ka tabbatar ba a bar rabin a zaune ba.

Batun RAM mai gyara kuskure, wato ECC, ba ya ƙara gudu. Kariya ce ga bayanai, kuma idan allon na'urarka yana karɓarta, ni ina ganin ta cancanci kuɗinta.

Ina da SSD a ajiye. In sa shi a matsayin L2ARC?

Ka iya, amma ka san abin da yake yi da wanda ba ya yi. L2ARC mataki na biyu ne na ma'ajiyar karatu: abin da ya kusa fita daga RAM ana kwafe shi zuwa SSD don a same shi a can maimakon a koma faifai mai juyawa. Yana da amfani idan bayanan da ake yawan taɓawa sun fi ƙarfin RAM, kuma allon na'urar ba zai ƙara ɗaukar RAM ba ko kuɗinta sun yi yawa.

Sai dai ba kyauta yake zuwa ba. Kowane tubalin bayani (ZFS gutsure-gutsure yake adana fayil, kowane gutsure tubali ne) da ke L2ARC yana da ɗan rajista a cikin RAM, bai kai bait 100 ba. Da tubala masu kilobait 128 wannan ba wani abu ba ne. Amma ka cika SSD mai terabait 1 da tubala masu kilobait 16, rajistar kaɗai za ta cinye wajen gigabait 5 zuwa 6. A na'ura mai RAM gigabait 16, ka rage ma'ajiya mafi sauri ke nan don ka ciyar da wadda ba ta kai ta ba. Sannan a tsarinsa na asali yana cika a hankali don kada ya gajiyar da SSD, kuma ba ya damuwa da karatun da ke tafiya a jere kamar na dogon bidiyo, tunda faifai masu juyawa sun iya wannan da kansu.

Wani abu da ya gyaru: a da, duk sanda aka sake kunna sabar sai L2ARC ya koma fanko. Tun OpenZFS 2.0 a 2020 yana tashi da abin da ke cikinsa. Ga wanda ke wurin da ake yawan ɗauke wuta, wannan babban sauƙi ne, domin ARC da ke RAM ita kam daga sifili take farawa kowane tashi. Idan SSD ɗin L2ARC ya mutu, babu bayanin da zai ɓace, gudu kawai zai ragu.

SLOG fa? An ce yana ƙara saurin rubutu.

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. SLOG ba ma'ajiyar rubutu ba ce a yadda mutane suka ɗauka. ZFS yana tara rubutu a RAM, ya zubar da shi kan faifai a dunƙule, yawanci kowane sakan 5. Yawancin rubutu haka yake tafiya, kuma SLOG ba ya ko ganinsa.

Akwai nau'in rubutu na biyu, wanda manhaja ke cewa ba za ta ci gaba ba sai an tabbatar mata bayanin ya sauka a wurin da ɗaukewar wuta ba za ta goge shi ba. Manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL suna yin haka, NFS, hanyar raba fayiloli ta sadarwa, ma haka, musamman idan manhajar kwamfutocin gaibu ta VMware ESXi ce a ɗaya ɓangaren. Don irin wannan ZFS yake da kundin wucin gadi mai suna ZIL. Idan babu na'ura ta musamman, kundin yana kan faifan rumbun ne, wato tarin faifan da ZFS ya haɗe wuri guda, kuma kowane rubutu sai ya jira allura. SLOG shi ne mayar da wannan kundi kan SSD mai sauri. A zaman lafiya ba a ma karanta abin da ke ciki, sai bayan na'ura ta faɗi ba shiri.

Don haka idan aikinku kwafe fayiloli ne daga kwamfutocin Windows ta SMB, hanyarsu ta raba fayiloli, da wuya SLOG ya canza maka komai. Idan kuwa kwamfutocin gaibu ne a kan NFS, bambancin yakan yi yawa ƙwarai. Hanyar ganewa: a kan wani sashe na gwaji da babu bayanai masu muhimmanci, ka sa sync=disabled, wanda ke kashe jiran tabbacin nan, na ɗan lokaci. Idan gudu ya yi tsalle, SLOG zai taimaka. Idan bai motsa ba, ka riƙe kuɗinka.

In za ka saya, girma ba shi ne abin dubawa ba, gigabait 16 ma kan wadatar ko a hanya mai gigabit 10. Abin nema shi ne SSD mai ƙananan ma'adanan wuta a jikinsa da ke ƙarasa rubutu idan wuta ta yanke, mai amsawa da sauri, mai jure yawan rubutu. SSD mai araha na kwamfutar gida wani lokaci yakan ce ya rubuta alhali bai gama ba, kuma wannan ya rushe dalilin sa SLOG ɗin gaba ɗaya. Intel Optane ya yi suna a wannan aiki kafin kamfanin ya sanar da dakatar da shi a 2022.

Me zai hana in bar sync=disabled ɗin kawai, tunda ya fi sauri?

Rumbun kansa ba zai lalace ba, amma idan wuta ta yanke ko na'ura ta sandare, rubutun 'yan sakannin ƙarshe ya tafi, alhali an riga an gaya wa manhaja cewa an adana. Ga fayilolin wucin gadi, babu laifi. Ga rumbun bayanan albashi ko faifan kwamfutar gaibu, kada ka yi. UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta yanke, yana rage haɗarin, kuma kowace sabar ta kamata ta samu wanda zai iya umartar ta ta kashe kanta cikin tsari, amma UPS ba ya hana na'ura sandarewa.

Fayilolinmu suna da maimaici da yawa. Ba sai in kunna tace maimaici in samu wuri ba?

Wannan ita ce tambayar da nake so mai karatu ya fi tsayawa a kanta, domin maɓalli guda ne, dedup=on, amma fita daga cikinsa aiki ne ja.

Ga yadda yake. An shigar da shi ZFS a 2009. Kowane tubali da za a rubuta, sai a lissafa masa lambar shaida, a duba wani babban teburi a ga ko an taɓa ganin irinsa. In an gani, sai a ƙara ƙidaya a nuna tsohon. In ba a gani ba, a rubuta shi a ƙara masa layi a teburin. Ana yin wannan ne nan take, a kan hanyar kowane rubutu, kuma kowane gogewa ma sai ya bi ta teburin don a rage ƙidayar.

Kowane layi yana cin wajen bait 320 a RAM. Mu yi lissafi. Terabait 1 na tubala masu kilobait 128 ya haura tubali miliyan 8, wato kusan gigabait 2.5 na teburi. Terabait 20 ya zama gigabait 50. Wannan idan duk tubalan manya ne. In tubala masu kilobait 16 ne, kamar na faifan kwamfutocin gaibu, terabait 1 kaɗai zai nemi gigabait 20. Kuma fa wannan RAM ce da aka ƙwace daga hannun ARC.

Muddin teburin yana cikin RAM, abubuwa suna tafiya. Ranar da ya fi ƙarfinta, kowane rubutu sai ya jira ƙaramin karatu na tsalle daga faifai mai juyawa, wanda muka ce ɗari da 'yan kai yake iyawa a sakan. Sabar da ke rubuta ɗaruruwan megabait sai ta koma 'yan megabait. Abin takaicin shi ne ba ranar da aka kunna ake ganin haka ba. Watanni za su wuce komai lafiya, rumbu yana cika a hankali, sai wata rana a goge wani babban kundi, sabar ta tsaya cik na awoyi, babu wanda ya tuna da maɓallin da aka taɓa tun bara.

Kafin ka yanke shawara, ka sa zdb da alamar -S ya bi rumbun. Zai ƙirga maka ribar da za ka samu da yawan layukan teburin ba tare da ya canza komai ba, ko da yake yana ɗaukar lokaci yana kuma cin RAM, don haka ka yi shi a ƙarshen mako. Idan ribar ba ta kai ninki biyu ba, ka manta da zancen. Sau da yawa za ka tarar ƙarin faifai ya fi ƙarin RAM ɗin araha nesa ba kusa ba. Ka kuma lura cewa ZFS tubali da tubali yake kwatantawa a kan iyakoki tsayayyu. Takardu biyu da suka bambanta da jimla guda a farkonsu, duk abin da ya biyo baya ya goce, ba za a ga kamanninsu ba. Hotuna da bidiyo kuwa sai in kwafi ne sak. Inda yake biya da gaske shi ne wurin da ake ajiye kwafi masu yawa na abu guda, kamar faifan kwamfutocin gaibu da aka girka da tsarin aiki iri ɗaya. Ko a nan ma, sau da yawa kwafin clone na ZFS, wanda ke raba tubala da asalinsa, daga tushe guda yana ba da ribar ba tare da teburi ba.

Na riga na kunna shi, sabar ta yi nauyi. In na kashe ya wuce?

A'a. Kashewa tana hana sababbin tubala shiga teburin ne kawai. Tsofaffin suna nan, teburin yana nan. Sai ka sake rubuta bayanan: ka buɗe sabon sashe marar tace maimaici, ka kwashe komai zuwa can da zfs send ko kwafi na yau da kullum, sannan ka goge tsohon kaɗan-kaɗan, a lokacin da babu masu aiki. Ka tabbatar akwai wurin da zai ɗauki bayanan bayan sun koma cikakken girmansu, kuma kana da kwafin ajiya a wata na'ura kafin ka fara. Idan za ka iya aron RAM ka ƙara na tsawon aikin, zai rage maka wahala sosai.

Na ji an gyara shi a sabon OpenZFS. Kuma ai Windows Server ma yana yi ba tare da wannan wahala ba.

An inganta shi. OpenZFS 2.3 da ya fito a farkon 2025 ya zo da sabon salo mai sauri, aikin haɗin gwiwar kamfanonin Klara da iXsystems. Yanzu ana iya sa wa teburin iyaka, ana iya zubar da layukan tubalan da ba su taɓa samun abokin maimaici ba, kuma ana tara canje-canjen teburin kafin a rubuta su. Tun kafin nan ma ana iya ɗora teburin a kan SSD na musamman. Duk wannan ya rage haɗarin, amma bai ƙirƙiro maimaici a inda babu shi ba, awon farko yana nan daram.

Na Windows, wanda ya zo da Server 2012, hanyarsa daban ce. Yana barin fayil ya sauka yadda yake, daga baya wani aiki ya zo ya yayyanka shi gutsattsari masu girma mabambanta, tsakanin kilobait 32 da 128, ya haɗe masu kama. Shi ya sa ba ya tare hanyar rubutu, kuma yana gane kamanni ko da abu ya ɗan goce. Farashinsa shi ne sai ka tanadi wurin da bayanan za su fara sauka da cikakken girmansu, da lokacin da aikin zai gudana.

To mene ne zai ba ni wuri ba tare da haɗari ba?

Matse bayanai. Ka kunna lz4 a ko'ina. Yana da sauƙi a kan ƙwaƙwalwar na'ura, kuma idan ya fara matse tubali ya ga ba ya matsuwa, kamar bidiyo, sai ya bar shi da wuri. Sau da yawa ma gudu yake ƙarawa, tunda abin da faifai zai karanta ya ragu. Ga takardu da kundin ajiya da ba a yawan taɓawa, zstd da ya zo a OpenZFS 2.0 ya fi matsewa, da ɗan ƙarin aiki. Sababbin rubutu kawai yake shafa.

Buɗe manyan kundaye ne matsalarmu. Akwai abin da ya fi L2ARC?

Akwai rukunin faifai na musamman, special a harshen ZFS, wanda ya zo a OpenZFS 0.8 a 2019. Yana ɗauke dukkan bayanan jagora, wato sunayen fayiloli da taswirar inda kowane tubali yake, ya zaunar da su a kan SSD dindindin. Da special_small_blocks kana iya tura ƙananan fayiloli can su ma. Ga ofishin da ke da miliyoyin ƙananan takardu, wannan yakan fi kowane gyara tasiri: jera kundi, bincike, da ajiyar kwafi duk suna sauri.

Amma ka ji wannan da kyau: wannan ba kwafi ba ne, shi ne ainihin wurin da bayanan jagoran suke. Idan ya mutu, rumbun duka ya tafi. Dole ya zama tagwaye, SSD biyu ko uku masu ɗauke da abu guda, kuma a rumbun da ke da RAIDZ, wato jerin da ke baza bayanai a kan faifai da yawa tare da bayanan kariya, ba ka iya cire shi bayan ka sa. Bayanan da aka rubuta kafin zuwansa suna nan a tsohon wurinsu sai an sake rubuta su.

Girman tubali yana da tasiri?

Ƙwarai. Na asali kilobait 128 ne, kuma ya dace da fayilolin ofis. Ga bidiyo da manyan fayiloli, sa recordsize ya zama megabait 1 yana rage yawan tubala da bayanan jagora. Ga rumbun bayanai kuwa a rage shi ya kusanci shafin manhajar: InnoDB na MySQL yana aiki da kilobait 16, PostgreSQL da kilobait 8. In ba haka ba, don canza kilobait 16 sai ZFS ya karanta 128 ya sake rubuta 128. Ka raba ayyukan sashe-sashe, kowanne da nasa girman. Ka kuma kashe atime, wato rubuta lokacin da aka buɗe fayil, idan babu manhajar da ke buƙatarsa, don kada kowane karatu ya haifar da rubutu.

Na yi duk wannan, har yanzu da sauran nauyi. Ina kuma zan duba?

Duba yadda aka jera faifan. Rukunin RAIDZ guda, ko faifai takwas ne a ciki, wajen ƙananan karatu na tsalle kusan ƙarfin faifai ɗaya yake da shi. Waɗannan takwas ɗin in aka mai da su tagwaye huɗu, wurin ajiya zai ragu zuwa rabin jimillar faifan, amma yawan aikin da za su ɗauka a sakan zai ninka sau da yawa. RAIDZ2, mai jure mutuwar faifai biyu, ya dace da ajiya da manyan fayiloli, tagwaye sun dace da kwamfutocin gaibu da rumbunan bayanai.

Duba kuma cikar rumbun. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon tubali, kullum sabon wuri yake nema, don haka idan rumbu ya haura wajen kashi 80 zuwa 90, guraben da suka rage ƙanana ne a warwatse, rubutu sai ya yi nauyi.

Sannan ka karanta lambar samfurin kowane faifai ka bincika ko SMR ne. Irin waɗannan suna ɗora layukan bayanai ɗaya a kan gefen ɗaya, ta yadda canza wuri guda ke tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A 2020 an gano wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 irin wannan ne ba tare da an bayyana wa masu saye ba, daga baya kamfanin ya ware Red Plus don na CMR, wato faifan da layukansu ba sa hawa kan juna. Faifan SMR yana iya yin kamar lafiya a aikin yau da kullum, sai ranar da aka canza faifan da ya mutu ana sake gina rumbun, aikin da ya kamata ya ɗauki awoyi ya koma kwanaki. Idan ka samu irinsa a rumbunka, ka musanya shi da na CMR ɗaya bayan ɗaya tun sauran faifan suna da lafiya, kana jira kowane gini ya kammala kafin ka cire na gaba.